Littafin soyayya na 'yan wasan besbol, wa ke da shi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gaji da labarin ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Ina neman na Turanci wanda jarumin ɗan wasan besbol ne, soyayyar kuma mai rikici, yau a ɓata gobe a shirya. Da wanne zan fara?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Besbol kuma? Ke dai ba kya rasa abin nema.

Abban Sadiq: Wannan da ake maka wa ƙwallo gora a zagaya da gudu?

Ummu Khalil: Maman Hanifa, kafin ki tura kuɗinki ki karanta babi biyu na farko tukuna. Bara na sayi wani, bangon ya yi kyau, ciki kuwa takaici. Wai jarumin yana babbar gasar Amurka, amma kullum da magariba yana ƙofar gidan yarinyar riƙe da fure. Yaushe ya samu wannan sararin? A gasar nan kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa, daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu har ƙarshen Satumba, kusan kullum suna fili, rabin wasannin kuma a garuruwan wasu. Tun Fabrairu ma sun tattara sun tafi atisaye jihar Florida ko Arizona. Ga rikici nan a shirye, marubuciyar ta tsallake shi ta je ta ɗauko tsohuwar budurwa mai makirci, irin wadda muka haddace. Abin da ya fi ƙona min rai, ko sau ɗaya ba a yi zancen musayar 'yan wasa ba. Alhali wajen ƙarshen Yuli, idan kasuwar 'yan wasa ta kusa rufewa, sai a kira mutum ofis a ce an ba da shi ga wata ƙungiya, gobe yana wani gari, ba a nemi yardarsa ba. Sai wanda ya yi shekara 10 a gasar, 5 na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ko wanda ya sa sharaɗi a kwantiraginsa, shi ke da bakin cewa a'a. Matar ce za a bari da kwashe kaya da sauya wa yara makaranta. Ni dai shawarata, ki nemi wanda jarumin ke ƙananan ƙungiyoyi, inda ake doguwar tafiya a bas, albashi ba yawa, yau a ɗaga shi babbar gasa gobe a dawo da shi. Nan ake gane wadda ke son mutum don Allah.

Anti Rabi: Tab! Ummu Khalil, ashe ciwon bai warke ba.

Fa'iza: Ni na fi son wanda mai jefa ƙwallo ne ya samu rauni a gwiwar hannu. Akwai tiyatar da ake kira da sunan wani ɗan wasa, Tommy John, shi aka fara yi wa a 1974, mutum kan wuce shekara bai koma wasa ba. Namijin da ya saba yawo a ce ya zauna gida, ai rikicin ya fi na tafiya zafi.

Abban Sadiq: Ku daina ba su tausayi. Shohei Ohtani, ɗan wasan nan na Japan, dala miliyan 700 ƙungiyar Dodgers ta sa masa a 2023, na shekara 10. Wace mace ce za ta yi yaji a nan?

Fa'iza: Yaya, kullum kai lissafinka kuɗi. Nawa ne a cikinsu Ohtani?

Abban Sadiq: To ki tambayi matan zauren nan ɗaya bayan ɗaya.

Anti Rabi: Kada ka sa mu a ciki, ka je ka ji da Arsenal ɗinka.

Ummu Khalil: Na manta ma, idan matar ta haihu a tsakiyar kakar wasa, hutun da ƙa'idar gasar ta ba shi bai wuce kwana 3 ba.

Maman Hanifa: Kwana 3? Ko suna ba zai gani ba ke nan!

Fa'iza: Su da tun a asibiti suke raɗa suna.

Abban Sadiq: Sun huta da ragon.

Anti Rabi: Ka ji shi ko? Maman Sadiq tana cikin zauren nan fa, tana karantawa.