Shawarwari Kan Raunin Kai Da Tiyatar Ƙashin Baya

A wata tattaunawa da 'yan uwa mazauna Idi-Araba suka yi a nan Legas, an fi tsayawa kan raunin kai, domin yawancin mahalartan 'yan acaba ne. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a garzaya da wanda ya bugu a ka zuwa asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ko da ya tashi yana magana, saboda jini kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai. Wani babban binciken likitoci kan raunin kai mai suna CRASH-3 na shekarar 2019 ya nuna cewa wani maganin tsayar da jini mai suna tranexamic acid yana rage mutuwa ga masu matsakaicin rauni idan aka ba da shi cikin sa'o'i 3, wanda a cunkoson Legas ba lokaci ne mai yawa ba. An kuma yi gargaɗi kada a lanƙwasa wuyan wanda ya faɗi, kada a kai shi wurin mai ɗori.

Shi kuwa ciwon baya mai sauka ƙafa, galibi yana lafawa cikin makonni ba tare da tiyata ba, sai dai idan fitsari ya fara kubcewa ko ƙafa ta mutu, to a nemi likita a ranar.