Maigidana ba ya jin ciwon ƙirji, dole ne sai mun koma gwajin jijiyoyin zuciya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi wa maigidana dashen zuciya a Chennai ta ƙasar Indiya, shekara 3 ke nan. Alhamdulillahi yana shan magani a kan lokaci, yana fita kasuwa, masallaci ma a ƙafa yake zuwa. Yanzu likitocin can sun ce lokacin angiyogiram ya yi, wato a zura siririn bututu ta jijiya a ɗauki hoton hanyoyin da ke kai wa zuciya jini. Shi kuwa ya kafe, wai lafiyarsa ƙalau, ko ɗigon ciwon ƙirji babu, ga kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabo. Don Allah masu sani, za mu iya ɗagawa?

Wani likita: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki faɗa wa Alhaji rashin ciwon nan ba hujja ba ne. Wajen dashe ana yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga zuciya zuwa ƙwaƙwalwa, don haka hanyar jini kan toshe mutum bai ji komai ba. Sai dai a ga haki, ko kumburin ƙafa, ko ya yanke jiki ya faɗi. Kuma toshewar masu dashe daban take da ta kitse da aka saba. Ba wuri ɗaya take tarewa ba, bangon jijiyar ne ke yin kauri tun daga tushe har ƙananan rassa. Rajistar ƙungiyar dashen zuciya da huhu ta duniya ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 suna samunta a shekara 5, kusan rabi a shekara 10. Da yake kaurin ya zagaye ko'ina, angiyogiram ma kan nuna jijiya sumul a farkon lamarin, shi ya sa wasu cibiyoyi ke haɗawa da ƙaramar na'urar sauti da ake zurawa cikin jijiyar ta auna kaurin bangon.

Wata ma'aikaciyar jinya: Yaya, kafin komai a duba ƙodarsa. Ruwan da ake zubawa don hoton ya fito yana wahalar da ƙoda, tacrolimus ɗin da yake sha, wato maganin hana jiki ƙin sabuwar zuciyar, shi ma haka. In ƙodar ta yi rauni, akwai gwajin eko, wato hoton zuciya da na'urar sauti, da ake yi bayan an sa masa maganin dobutamine a jijiya don zuciyar ta yi gudu. Amma likitocin dashen ne za su zaɓa.

Wani ɗan uwa a Abuja: Hajiya, ku tambaye su ko za a yi a nan gida a tura musu hotunan. Ana angiyogiram a Abuja da Legas. Kuma kada ya daina maganin kitsen jini don an ce kitsensa daidai ne, masu dashe don kariyar jijiyoyin ake ba su.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce gobe mu fara da gwajin ƙodar.