Taƙaitawa: neman tambarin safiyo a madatsar ruwa

'Yan uwa na Agege da Idi-Araba, ga abin da na tsinta daga maganganunku kan yadda ake neman tambarin safiyo, wato alamar da masu auna ƙasa ke kafawa a wurin da suka auna, a jikin dam.

1. Izini tukuna, wannan bakin kowa ɗaya. Dam wurin tsaro ne. Na Oyan, kusa da Abeokuta, yana hannun hukumar raya kogunan Ogun da Osun.

2. A duba kan bangon dam, gefen mazubar ruwa, da duwatsun da bangon ya jingina da su. Yawanci tambarin faifan tagulla ne a cikin kankare, bai cika tafin hannu ba, da ɗan ɗigo a tsakiya.

3. Tsofaffin lambobin da ke nuna wuri a taswirar ƙasar nan a tsohon ma'aunin safiyo na Minna suke, waya kuwa WGS84, ma'aunin GPS, take bi. In ba a juya su ba, za a yi ta lalube gomomin mita nesa da wurin, ga kuskuren wayar kanta.

4. Goge tambarin: nan aka rabu. Wasu sun ce buroshin ƙarfe, masu rinjaye suka ce yana cinye rubutun. Ruwa da tsohon buroshin haƙori, sannan a shafa alli lambar ta fito. Ni ma nan na karkata.

Hoto biyu, kusa da nesa. Kada a tono tambarin ko a girgiza shi. A je da rani, a kula da macizai a ciyawa.