"A juri zuwa rafi": ƙarfafa gwiwa ce ko baƙar magana?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Jama'a a raba mu gardama. Na fara fita gudu bayan asuba, ina shirin gasar gudun fanfalaki ta Legas ta Fabrairu, kilomita 42. Yayana ya gan ni ina ɗingishi, sai ya ce "a juri zuwa rafi." Na ce na gode, matarsa ta kwashe da dariya. Me ya yi zafi?

Malam Na Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ai rabi ya faɗa maka, ƙarashen shi ne wata rana tulu zai fashe. Gwiwarka ce tulun.

Bakatsinen Obalende: Allah gafarta Malam, mu mai naci muke faɗa wa. Wanda ya jure zirga-zirgar shi ke kawo ruwa gida. Ko hadda, shafi ɗaya kullum ya fi izu guda a dare ɗaya zama a kai.

Maman Hanifa: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Kafin rana ta ɗaga ta yi sawun rafi, ta dawo ta yi surfe da daka, ga goyo a baya. Tulunta ya girme ni. Gammo take yi mai kauri, in hanya da santsi ba ta cika shi fal, ranar Juma'a kuwa ko tsinke ba ta ɗauka. Kishiyarta mai rawar kai duk ran kasuwa sai ta sayo sabo, maginar tukwane har gaisuwa take aiko mata. Inna dai har ta tsufa tana miƙewa ba ta dafa ƙasa.

Sarkin Dako: Allah ya kai rahama kabarinta. Masu biyan kuɗi su ɗaga ƙarfe a Ikoyi, ku zo kasuwar Mile 12 ku sauke buhun albasa, mu mu biya ku.

Bakatsinen Obalende: Wasu tun 1999 suke zuwa rafi, tulunsu ko tsagewa bai yi ba.

Sarkin Dako: Wane tulu? Ai da tanka suke zuwa.

Ɗan Agege: To ni in ci gaba ko in huta?

Malam Na Idi-Araba: Tun da aka fara gasar a 2016 galibi 'yan Kenya da Habasha ke rabon kofin. Akwai ta kilomita 10, ɗana. Hajiya Maman Hanifa, ita kishiyar fa, tana raye?