An yi mini tayin aikin tayil a wajen Damagaram, in tafi ko in zauna?

Mai Tayil Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Wani ɗan kwangila ya same ni, ya ce wani kamfanin ƙasar waje na gina asibiti da makaranta da gidajen ma'aikata a wajen Damagaram, shi aka ba ɓangaren tayil. Wata shida ne, biya a ƙarshen kowane wata da sefa, wurin kwana nasu, abinci nawa. Matsalar ita ce ina da gidaje biyu a hannu nan Kano da ban gama ba, kuma mai ɗakina ta kusa sauka. Har yanzu magana ce ta baki, ba takarda. Wanda ya taɓa irin wannan aiki a Nijar ya faɗa mini: ana biya kan lokaci? Wace takarda zan riƙe? In tafi da yarana biyu ko in fara zuwa ni kaɗai?

Abban Khadija: Wa alaikumus salam. Ka tafi kawai, sefa ta fi naira daraja yanzu. Allah ya sa alheri.

Ɗan Birni: Bakano zai zo Damagaram neman abinci? Allah mai iko. Ka zo, amma ka shigo da sallama, ka san gidan iyayen gidanka za ka zo.

Mai Tayil Kurna: Ɗan Birni, bawa ba ya ba ubangidansa izinin shiga gari. Ka amsa mini tambayata tukuna.

Baba Birkila: Yaro, saurara ka ji. Ni na yi irin wannan tafiya a 2023, ginin makaranta a yankin Tawa. Kamfanin na waje ne, injiniyoyinsu ba su jin Hausa, mu ba ma jin yarensu, komai sai ta bakin wanda ya kawo mu. Watannin farko ya biya daidai, har na aika gida aka sayi buhun masara. Daga nan ya fara cewa kamfani bai saki kuɗi ba, mu yi haƙuri. Muna cikin haƙurin aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Masu kamfanin suka kwashe nasu ya nasu, mutuminmu ya ce zai je Yamai ya karɓo mana haƙƙinmu. Tun daga ranar wayarsa a kashe. Muka je wajen mai gadin ofis, ya buɗe littafi, babu sunan ko ɗaya daga cikinmu. A wurin kamfani ba mu taɓa aiki ba, shi suka sani, kuma sun ce sun sallame shi. Sai da na sayar da cebur da cokalin gini da ma'aunina na sami kuɗin babur, muka biyo ta daji muka ɓullo Illela. Wani yaro da muka tafi tare zazzaɓi ya kama shi a hanya, a bayana na goyo shi. Na dawo na tarar masu ba ni aiki sun kama wani. Har yau ban koma yadda nake ba.

Ummu Sadiq: Innalillahi. Allah ya saka maka Baba. Mai Tayil, ni dai batun haihuwar nan ya tsaya mini. Ka bari ta sauka lafiya.

Injiniya Sabo: Abin da ya sami Baba ba laifin ƙasa ba ne, tsarin ne haka ko a nan. Babban kamfani yana zuwa da injiniyoyinsa, sau da yawa da kayansa, sai ya yanka ƙananan ayyuka ya ba 'yan kwangila. Kai ba ma'aikacinsu ba ne. Don haka ka nemi yarjejeniya a rubuce, ka karɓi kuɗin somin-taɓi, kuma ka ce a biya ka bisa mitar da ka shimfiɗa duk mako. Biyan wata shi ne tarkon.

Baba Birkila: Injiniya, kana ofis kana shan fanka. Wa zai ba birkila takarda? Ka nema su ɗauki wani.

Injiniya Sabo: Baba, ban raina wahalarka ba, amma tafiya ɗaya ka yi. Ni na sa ido a kan gine-gine da yawa.

Baba Birkila: Tafiya ɗayar ita ta cinye ni.

Na Maraɗi: Ku bar gardama. Mai tayil ƙwararre a shantiye, wato wurin gini, yana samun jaka bakwai (sefa dubu bakwai) a wuni, lebura jaka biyu da rabi.

Ɗan Birni: Ina? Wataƙila a Yamai. Nan in ka sami jaka biyar ka gode Allah. Kuma buhun shinkafa da haya ba irin na da ba ne.

Abban Khadija: Ko biyar ɗin ce, in ka canza ai ta haura naira dubu goma sha biyar.

Na Maraɗi: Wane ɗan canji ne ya ba ka haka? Ni a makon jiya ban sami wannan farashin ba a Jibiya. Turo mini lambarsa in yi arziki.

Malam Habu Daura: Batun takarda da ya tambaya ba wanda ya taɓa. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kada ka dogara da yadda muka saba, a wuce Kongolam da gaisuwa kawai. Ka riƙe fasfo da katin shaida, kuma wanda ya ɗauke ka ya ba ka wasiƙa mai hatimin kamfani. Sannan ka sani gwamnatinsu ta matsa a kan a ɗauki 'yan ƙasa. A Maris 2025 sun kori wasu manyan jami'an kamfanonin mai 'yan China su uku, kuma bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa na cikin dalilan da aka bayar. Kai ma baƙo ne a can, ko da yarenku ɗaya.

Sarkin Yaƙi: Ni abin da ke ba ni mamaki, ƙasar da ake cewa ta fi mu talauci, China ta gina musu babban asibiti mai gado 500 a Yamai, ta yi musu matatar mai ta SORAZ tun 2011, Turkawa sun sabunta musu filin jirgin Diori Hamani a 2019. Mu a ƙauyenmu ɗakin shan magani an kai linta an gudu, awaki ke kwana a ciki.

Ɗan Birni: Gini kam akwai. Amma ka zo ka ga layi. Na kai gyatumata wata likita, wato asibiti, sabuwa fil, fenti na ƙyalli, na'ura na nan a rufe da leda don babu mai iya tayar da ita. Kuma da yawan ayyukan nan ba kyauta ba ne, bashi ne ko a fanshe da mai.

Na Maraɗi: Kuma ku daina ce mana matalauta. Ku da kuka yanke mana wuta a 2023, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, daga wurinku yake zuwa. Asibitoci a kan janareto suka koma, masu ƙanƙara da masu walda suka zauna. Wannan shi ne zumunci?

Malam Habu Daura: Ɗan uwa, talakan Daura bai yanke wa kowa wuta ba, shi ma a duhu yake kwana. Rufe iyakar nan mu ma ta karya mu, kasuwar Mai'aduwa ta zama kamar an yi shara.

Na Maraɗi: Bari dai a gama madatsar Kandaji mu huta da gori.

Sarkin Yaƙi: Tun ina saurayi nake jin Kandaji. Mu ma haka muke jiran Mambila.

Mai Tayil Kurna: Jama'a na gode, amma har yanzu ba a ce mini komai a kan yaran ba. Mutumin ya sake kira, ya ce motar za ta tashi ranar Asabar, wai in ba ni so akwai wani a Zariya.

Abban Khadija: Bazazzagi zai ƙwace maka aiki kana kallo? Wai ma tsaya, wutar da ake kai wa Nijar ɗin daga Kainji take fita ko daga Shiroro?