Hafsan ko-ta-kwana: kwana biyu a wata sun isa horo kuwa?

Ɗan Zango, Ohayo: Assalamu alaikum. Ƙanina yana shekara ta biyu a jami'a a nan Amurka, ya shiga shirin ROTC da ake horar da ɗalibai su fito hafsoshin soja. So yake ya zaɓi ɓangaren ko-ta-kwana, wato sojojin da ke aikinsu na farar hula suna zuwa horo lokaci-lokaci, don ya riƙe aikin injiniya. Yayyena da kuka bi wannan hanya, don Allah ku faɗa mana inda gizo ke saƙa.

Baban Walid, Tekzas: Wa alaikumus salam. Kyaftin ne ni a wannan ɓangare, kuma matsalar ɗaya ce, lokaci. Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata, sai mako biyu a shekara, wajen kwana 39 ke nan. Amma mizanin da ake auna mu da shi, na harbi, na lafiyar jiki, na jagoranci, shi ne na wanda ke kwana a bariki yake tashi a bariki. Kwana biyun ma ba naka ba ne. Kiran suna, ƙidayar kaya, duba lafiya, darussan dole a kwamfuta, kafin a fito da motoci a fara atisaye azahar ta wuce. Abin da ka koya wa yaranka wannan wata, kafin na gaba rabinsa ya zube, sai a koma baya. Kuma a gaya wa yaron nan gaskiya, aikin hafsa bai ƙarewa ran Lahadi. Tsarin horon wata mai zuwa, rahoton kowane soja, kiran waya da dare, duk a gida nake yin su bayan na taso daga aikin da ke ciyar da iyalina, yawanci ba ko kwabo.

Maman Hanifa, Merilan: Yaya Baban Walid ya faɗi abin da ke raina. Ni ta makarantar hafsoshi ta dakarun jiha na shiga, wadda ake rarraba horonta a ƙarshen mako har kusan shekara ɗaya da rabi. Ma'aikaciyar jinya ce ni. Na sha tashi daga aikin dare in miƙe filin fareti, ban ko leƙa yara ba. Waɗanda suka ajiye a ajinmu ba gudu ne ya kayar da su ba, wajen aiki ne da gida. Akwai dokar 1994 da ta hana a kori mutum ko a danne shi saboda hidimar soja, kuma tana aiki. Sai dai doka ba ta hana shugabarka ɗaure fuska duk sanda ka kai takardar neman izini. Wannan ya fi jakar baya nauyi a wurina.

Na Maradi: Ni ROTC ɗin na yi. Ƙanin naka ya shirya wa sansanin bazara na Fort Knox a Kentaki, wajen mako biyar cikin zafi mai danshi, musamman neman hanya da taswira da kamfas cikin dare a daji. Amma abin da ya fi damuna ya zo ne bayan an ɗaura mini muƙami. Na yi watanni ina jiran gurbi a makarantar koyon fannina, alhali an riga an ba ni mutane. Sajena ya je Iraƙi tun ina firamare. Na zauna da shi na ce ya nuna mini aiki, ni kuma in ɗauki alhakin duk hukuncin da aka yanke. Da haka muka zauna lafiya.

Malam Ɗanfulani, Ingila: A nan tazarar a fili take. Hafsan dindindin mako 44 yake yi a Sandhurst, makarantar horar da hafsoshin sojan Birtaniya, na ko-ta-kwana mako 8, ko a dunƙule ko a rarrabe. Amma ni ban yarda cewa mu ne koma baya ba. A rukuninmu akwai makaniki, da malamin makaranta, da mai kula da intanet na babban kamfani. Laifin tsarin shi ne ba kasafai ake tambayar abin da mutum ya iya a waje ba, sai a sa shi maimaita abin da ya fi mai koyarwar sani.

Ɗan Zango: Allah ya saka da alheri. Mahaifiyarmu abinci da azumi take tambaya.

Maman Hanifa: Ka kwantar wa Hajiya da hankali. Akwai abincin fili na halal, amma sai ya nema tun da wuri ta hannun limamin rundunar, in ya bari sai ranar fita ba zai samu ba. Azumi kuma ya duba kalandar horo tun farkon shekara, ya yi magana da kwamandansa kafin watan ya kama.

Baban Walid: Ƙari ɗaya, ƙanina. Kafin ya sa hannu ya binciki nisan rukunin da za a tura shi. Na san laftanar da ke tuƙin awa huɗu duk wata, ya iso a gajiye. Ya kuma fara gudun mil biyu shi kaɗai tun yanzu, domin tsakanin wata da wata ba sajen da zai buga masa ƙofa da asuba.