Agar ɗin Sabouraud ya ƙi daskarewa bayan an dafa shi

Assalamu alaikum, masana ɗakin gwaji. Sau uku ke nan ina haɗa abincin renon naman gwari na Raymond Sabouraud, likitan fatar nan na Faransa da ya yi aiki kan makero a asibitin Saint-Louis da ke Paris, amma abin ya ƙi.

A litar ruwa 1 da aka tace nake zuba dextrose (sukarin glucose) giram 40, peptone (furotin da aka narkar) giram 10, agar (garin da ke daskarar da haɗin) giram 15. Sai in sauke pH (ma'aunin tsami) zuwa 5.6, wato ya ƙara tsami, in dafa a otokilef (tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi) kan digiri 121 na minti 15. Idan ya fito, launinsa ya koma ruwan ƙasa kamar shayi. Na zuba a faranti ya kwana, da safe in karkata shi sai ya riƙa malalewa kamar kunu, ba damar ɗora gashin kai ko ɓawon fata a kansa.

Na ƙara agar zuwa giram 20, ya ɗan kama amma da taushi. Na gwada haɗin Emmons, wato wani samfurin na Sabouraud da aka gyara, mai dextrose giram 20 da pH kusan 7, wannan ya daskare tsaf, sai dai bakteriya sun mamaye farantin kafin Trichophyton, naman gwarin da ke haddasa makero, ya tsiro, shi kuwa yakan kai sati 2 ko fiye. Otokilef ɗin ma ba ya saurin hucewa, kwalabe na yin kusan awa guda a ciki.

Shin tsamin ne tare da daɗewa a zafi ke karya agar ɗin, har ya kamata in jinkirta sauke pH sai bayan dafawa? Na gode.